Sunan da Ba a Faɗa a Gidan Salihu

A unguwar Bololo aka haifi Goggo Sakinatu, tun garin nan na Njamena ana ce masa Fallomi, tun kuma ana iya tsayawa a ƙofar gidansu a hango itatuwan bakin kogi babu bene ko ɗaya da ya tare ido. Kakanta mutumin Haɗeja ne. Da ƙafa ya fito da niyyar Makka, ya tsaya a bakin kogin Shari don matarsa ta haihu, sai haihuwa ta bi haihuwa, har aka binne shi a nan. Na san gidan sosai, domin katanga ɗaya ta raba shi da namu.

Bayan yaƙin da ya tarwatsa garin Sakinatu ta auri Salihu, mahauci a babbar kasuwa. Uwarsa ce ke riƙe da gidan, wata doguwar tsohuwa mai suna Wasila, wadda ba ta faɗa abu sau biyu. Ita ta koya wa Sakinatu dambun nama, ita ta yi mata wankan jego duk haihuwarta, kuma a kan cinyar Sakinatu ta cika. A al'adar gidajen nan mace ba ta kama sunan uwar mijinta, tana raye ko ta mutu, kuma duk wanda ya ci sunan sai a sa masa wani laƙabi. Mu da muka yi makarantar mishan an saba mana da kiran kowa da sunansa kowace safiya, har mukan ɗauki wannan ƙaramin abu. A wurin Sakinatu ba ƙarami ba ne. Shekara arba'in sunan bai fita daga bakinta ba, ko a addu'a sai dai ta ce "Iyar gidan nan".

Da Bololo ta yi musu ƙunci, Salihu ya sami fili a Waliya, hayin kogi, ya gina ɗakuna na jar ƙasa. Bai daɗe a cikinsu ba ya rasu. 'Ya'yansu mata suka yi aure, namijin, Lukumanu, yana bin shanu zuwa kan iyaka, sai ya yi wata ba a gan shi ba. Goggo ta ci gaba da dambunta, tana kaiwa bakin titi da safe. Tsoro ɗaya aka san ta da shi, tsoron ruwa. A bakin kogi ta girma amma ba ta taɓa shiga kwalekwale ba, kuma in mota ta hau gada rufe ido take yi sai an sauka.

Mahauta da dillalan shanu na unguwar sun haɗa kai sun buɗe wata 'yar makaranta ta zana da kwano, don 'ya'yansu su koyi karatun boko ba tare da sun tsallaka gada ba. Malami ne ya yi musu wuya. Sai aka ji labarin wata budurwa a Damagaram, ƙasar Nijar, da ta gama makarantar horon malamai tana son aikin sa-kai na shekara guda. Aka ce ta zo, aka kuma roƙi Goggo ta sauke ta, tunda tana da ɗaki kuma babu namiji a gidan.

Ranar da budurwar ta iso, siririya, da jaka ɗaya da tabarau, ta durƙusa ta gaishe da Goggo da Hausar Damagaram. Goggo ta tambaye ta sunanta. Da yarinyar ta ce Wasila, Goggo ta ja baya kamar an taka mata ƙafa, ta gyara ɗankwali, sannan ta tashi daga tabarmar ta ce baƙuwar ta zauna a kai. Daga ranar yarinyar ta zama Iya. Maƙwabta suka ɗauka, yaran gidajen kusa suka ɗauka. A makaranta kuwa Metires ake ce mata, kamar kowace malama a garin. Wasila takan yi dariya ta ce ta bar gida tana 'yar shekara ashirin da uku, ta kwana ɗaya a Chadi ta wayi gari da jikoki.

A daren farko ba a yi wata magana ba. Kashegari da hantsi uwar yarinyar ta bugo waya daga Damagaram ta ce a ba ta matar gidan. Ita ma ba ta kama sunan ba, domin 'yar farinta ce. Ta ce yarinyar nan ba ta taɓa kwana a wani gari ba, ba ta jin Larabci, ba ta da kowa a ƙasar sai Allah sai Goggo.

"Amana ce na ba ki, yaya," in ji ta. "Yadda na ba ki ita, haka nake son ki mayar mini."

Goggo ta ce ta karɓa. Ta gaya mini daga baya cewa tun daga wannan kalma barcinta ya ragu.

Wasila ita ma a tsorace take, ko da yake tana ɓoyewa. In soja ya yi mata magana da Larabci a bakin gada sai ta sunkuyar da kai ta wuce da sauri. Yaran ajinta sun fi ta sanin gari, suna yi mata dariya in ta ce "shina zuwa". Goggo ta hana ta sayen kifi a hannun wanda ba ta sani ba, ta hana ta hawa babur, ta hana ta zuwa kallon kogi. Takan raka ta har kwanar makaranta da tiren dambu a kai, tana cewa ai hanyarta ce, alhali hanyarta ta wancan gefen take. Da yamma su zauna a tsakar gida, Wasila na tsefe nama, Goggo na koya mata Larabcin kasuwa. Wasila ta ce ita ma za ta koya mata rubutu, Goggo ta ce Iya ta yi haƙuri, tsohuwar akuya ba ta koyon sabon kuka. Abin da ta yarda aka yi mata ɗaya ne: Wasila ta sa wa lambar uwarta wani kiɗa na dabam a wayar Goggo, don ta riƙa gane kiran Damagaram, tunda ba ta iya karanta suna ba, ba ta kuma iya kira ba sai amsawa.

Daminar shekarar ta yi ƙarfi, kuma bayan ruwan sama ya ɗauke kogunan suka ci gaba da cika. Waliya tana tsakanin Shari da Logon, abin da ke kare ta ganuwar ƙasa ce da aka tara a bakin ruwa. Kowace safiya maza suna zuwa su dubo ta su dawo da fuska a murtuke. Aka fara cika buhuna da yashi. Aka ce an ga dorina a bayan wata unguwa tana cin dawar mutane. Goggo ta roƙi Wasila ta dakatar da makaranta. Wasila ta ce iyayen yaran duk suna wurin cika buhu, in ta rufe aji yaran bakin ruwan za su tafi kallo. Goggo ta ƙyale ta, domin ba ta iya yi wa mai wannan suna tsawa.

Ranar da ganuwar ta fashe, Goggo tana bakin titi da tirenta, rana ta ɗan ɗaga. Ta fara jin ihu daga ƙasa-ƙasan unguwa, ana cewa da Larabci "Almi ja", ruwa ya zo. Sai ga mutane suna hawowa da katifu a kai, da awaki a kafaɗa. Ta ajiye tiren a inda yake ta nufi makaranta, tana kutsawa cikin masu gudu. Kafin kwanar da takan rabu da Wasila ruwa ya kai mata gwiwa, ja, mai sanyi, yana tafe da robobi da kaji matattu. Daga nan ta hango kwanon makarantar. Zanar ta riga ta kwanta.

Ta tsaya ba ta iya gaba ba ta iya baya. Wani masunci da ke fito da mutane ya matso da kwalekwalensa ya ce ta shiga. Ta tambaye shi yaran makaranta. Ya ce an kwashe wasu yara tun ɗazu, bai san ko duka ba, an kai su tudun da ke kan hanyar kudu inda ake tara jama'a, kuma titin zuwa can ruwa ya yanke shi. Goggo ta dubi kwalekwalen, itace ne kawai da aka fafe, ruwa na tsattsafowa ta gindinsa. Ta yi bisimilla ta shiga, ta zauna a tsakiya ta riƙe gefe biyu. Wannan karon ba ta rufe ido ba, domin tana duba duk abin da ke yawo a kan ruwa. Sau biyu ta ga zane yana lilo ta miƙe, masuncin ya daka mata tsawa ta zauna kar ta kifar da su. Suna tsakiyar abin da jiya filin ƙwallo ne wayar da ke ƙulle a bakin zanenta ta fara kiɗan Damagaram. Labari ya riga ya kai can ta rediyo. Ta bar ta ta yi ta gaji.

Tudun da aka sauke ta ba shi da iyaka a idonta. Dubban mutane ne a zube cikin rana, 'yan ƙabilar Sara da na Kotoko da Larabawa da Hausawa, kowa da ɗan abin da ya tsira da shi, kowa na kiran wani. A kan wata tsohuwar babbar mota wani saurayi mai rigar 'yan agaji yana tsaye da lasifika, mutane sun yi layi suna gaya masa sunayen waɗanda suka ɓata, yana shelantawa. Goggo ta bi layin. Da ta iso ya sunkuyo ya tambaye ta sunan da Larabci.

Ta ce malama ce, baƙuwa, 'yar Nijar, mai tabarau. Ya ce shi suna yake kira, ba labari ba. Ta ce mai sunan uwar mijinta ce. Saurayin ya dube ta, ya ce to uwar mijin nata wa take? Na bayanta suka fara gunaguni. Wata mata ta ce tsohuwa ta manta sunan 'yarta, a ba wasu wuri. Goggo ta buɗe baki, ta ji kamar uwar mijin nata tana tsaye a bayanta. Ta ce, "Iya." Saurayin ya ɗaga lasifika ya kira Metires Iya sau ɗaya, ya juya ga na gaba. A Larabcin garin nan iya ita ce uwa, kuma tun safe yara ke kukan wannan kalma a ko'ina a tudun. Babu wanda ya zo.

Ta sauka daga layin ta ce za ta nemo ta da ƙafarta. Ta bi rumfa-rumfa, ta leƙa ƙarƙashin amalanke, ta ɗaga mayafin matan da ke kwance. Aka nuna mata wata malama, ta je ta tarar da wata ƙatuwar mace mai jariri. Aka nuna mata wata, ita kuma tsohuwa ce. Ta nemi ko mutum ɗaya na unguwarsu wanda zai faɗi sunan a madadinta, sai ta tuna ko ta same shi bai san sunan ba, ita ce da kanta ta binne shi tun ranar farko. Wayar ta sake kiɗa, ta sake. Kowane kira sai ta dafe ƙullin zanen da hannu biyu kamar mai toshe bakin yaro. Ba za ta iya ce wa uwar yarinyar lafiya lau ba, ba za ta kuma iya gaya mata gaskiya ba.

Wajen la'asar aka fito da wani abu daga kwalekwale a naɗe cikin tabarma, mutane suka taru. Goggo ta kutsa ta isa wurin. Ƙafar da ta leƙo ta namiji ce. Ta yi salati, ta kuma ji kunyar sanyin da ya ratsa zuciyarta, domin shi ma ɗan wani ne. A nan ta ji masunta suna cewa in rana ta faɗi za su daina fita saboda dorina, wanda ya rage a cikin ruwa sai gobe. Ta ce a ranta, in yarinyar ba ta kan tudun nan, to tana kan wani rufi tana jira, kuma ba wanda zai koma nemanta sai an tabbatar ba ta nan. Rana kuwa ta riga ta yi ja.

Ta koma wurin motar. Muryar saurayin ta dishe, yanzu miƙa wa kowa lasifikar yake yi ya kira nasa. Da ya sa mata ita a hannu ta ji nauyinta. Ta kira Iya, ta kira Malama, ta ce Goggo ce. Muryarta ta fito ta cikin ƙarfen kamar ta wani dabam, ta bi kan jama'a ta ɓace. Wasu tsofaffi suka ɗago kai suka mayar. Saurayin ya miƙo hannu zai karɓa.

Goggo ta riƙe. Ta kawar da lasifikar daga bakinta, ta ce a hankali, "Iyar gidan nan, ki yafe mini. Amana ce." Sannan ta mayar, ta kira.

"Wasila."

Na farkon bai fita da kyau ba, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Ta ja numfashi ta sake, da ƙarfi.

Abin da ba ta sani ba shi ne yarinyar tana can ƙarshen tudun, a inuwar wata katangar bulo da ba a gama ba. Ta fitar da yaranta duka kafin zanar ta faɗi, amma wajen ɗora na ƙarshe a kwalekwale kwano ya yanke ta a tafin ƙafa, tabaraunta da wayarta suka tafi cikin ruwa. Ta ɗaure ƙafar da ɗankwali, ta tara yaran da iyayensu ba su zo ba ta hana su motsi, ita kuma jiri na ɗaukarta yana saki. Duk ihun ranar ya zame mata ƙara ɗaya. Daga baya ta ce ba ta ji an kira Iya ba, ba ta ji Malama ba. Amma mutum ko a barci yake, sunansa na yanka yana tayar da shi.

Ta ji, ta buɗe ido, ba ta amsa ba. A duk ƙasar nan babu macen da ke kiranta da wannan suna, uwarta ma ba ta kira. Kuma tun tana ƙarama an gaya mata in ta ji kira a bakin ruwa ba ta ga mai kiran ba, kar ta amsa, mutanen ruwa ne ke gwada ta. Ta ƙanƙame yarinyar da ke jikinta tana karanta abin da ta iya. Sai kira na uku ya zo, a tsage, yana ƙarewa da kuka, kuma a cikin kukan ta gane muryar da ke hana ta sayen kifi.

Ta yi ƙoƙarin miƙewa ta kasa, ta yi ƙoƙarin ɗaga murya ba ta wuce katangar ba. Sai ta tafa hannu sau biyu, yadda take yi a aji in tana son su yi shiru, ta ce su tashi tsaye, in ta ɗaga yatsa su faɗa tare. Daga kan motar Goggo ta ji muryoyin yara sun tashi gaba ɗaya daga can nesa, a jere, kamar masu bita.

"Na'am, Gog-go. Na'am, Gog-go."

Ba ta tuna yadda ta sauka ba. Ta bi muryar, suna ta maimaitawa, har ta iso. Ta durƙusa ta kwance ɗankwalin ta duba ciwon da idon matar mahauci, ta ce bai kai ƙashi ba. Ta yage gefen zanenta ta sake ɗaurewa tamau, ta roƙi wani mutum ya kirawo 'yan agaji. Wasila tana kallonta da idon da babu tabarau, ta ce, "Goggo, ke kika shiga jirgi?"

Goggo ta ce Iya ta yi shiru ta sha ruwa.

Suna nan wayar ta sake kiɗa. Goggo ta kwance bakin zanen, ta danna inda aka koya mata, ta kara a kunne. Can ɓangaren ba a ko yi sallama ba, numfashi kawai ake ji.

"Ga ta nan," in ji Goggo. "Ƙafa ce ta ɗan yanke. Sauran duk yadda kika ba ni."

Ta miƙa wa yarinyar wayar, ta matsa gefe don uwa da 'ya su yi maganarsu, ta jawo ƙaramin cikin yaran ta ɗora a cinya, ta fara tambayarsa gidan wa yake.